Me ya sa banki ke faɗuwa bayan ya cika ƙa'idojin jari?

Tambaya: Tun bayan rikicin kuɗi na 2008 ake ta ƙara wa bankuna dokoki, ana cewa yanzu sun fi da ƙarfi. To yaya aka yi a watan Maris na 2023 Silicon Valley Bank na Amurka da Credit Suisse na Suwizalan suka durƙushe cikin 'yan kwanaki, alhali a takarda duk sun cika ƙa'idar jari? Dokokin ne ba sa aiki, ko akwai abin da masu bincike suka gano da ba a yi amfani da shi ba?

Malam, dokokin suna aiki, sai dai abin da suke gani yana da iyaka. Galibinsu suna auna banki ne shi kaɗai, da farashin da ke rubuce a littafinsa, kuma a ranar da kasuwa ke kwance lafiya. Shi kuwa banki yana mutuwa ne a ranar da kowa ya zo neman kuɗinsa a lokaci guda, sauran bankuna kuma suna neman rabuwa da irin kadarar da yake son sayarwa. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ranaku biyu ita ce akasarin binciken shekaru arba'in ɗin nan ya duƙufa a kai.

Sai mun fara gyara wata fahimta da ke ɓatar da mutane. Jarin banki ba kuɗi ba ne da aka kulle a ma'ajiya ana jiran ranar tsiya. Banki yana samar da kadarorinsa, wato rancen da ya ba mutane da takardun lamunin da ya saya, da kuɗi iri biyu. Akwai na aro, wato ajiyar jama'a da bashin da ya ciwo a kasuwa, akwai kuma na masu bankin. Wannan na biyun shi ne jari. Idan kadara ta yi asara, daga kason masu banki ake fara zaftarewa. Ranar da ya ƙare, asara ta fara cin kuɗin masu ajiya. In an ce banki ya ƙara jari, ana nufin ya rage yawan aro a cikin kuɗin da yake juyawa, kuma jarin nan ana ba da shi rance kamar sauran kuɗin.

Kwamitin Basel, taron masu sa ido kan bankuna na ƙasashe daban-daban, wanda aka kafa a 1974 bayan rushewar bankin Herstatt na Jamus, shi ya fitar da ma'auni na farko na ƙasa da ƙasa a 1988: jari ya kai kashi 8 cikin ɗari na kadarori, amma sai an auna kowace kadara da nauyin haɗarinta. Rance ga kamfani ana ƙirga shi cif, rancen gida rabi, bashin gwamnatocin ƙasashe masu arziki kuwa sifiri. Yarjejeniya ta biyu ta 2004 ta ba manyan bankuna damar ƙiyasta haɗarin da lissafin kansu. Ta uku, wadda aka cimma a 2010, ta ce jari mafi inganci (hannun jari da ribar da ba a raba ba) kada ya gaza kashi 4.5, a ɗora 2.5 na kariya, a ƙara har 2.5 idan bashi ya yi yawa a ƙasa, manyan bankunan duniya kuma su ƙara tsakanin 1 da 3.5. Ta kuma kawo wani ma'auni mai sauƙi da ba ruwansa da nauyin haɗari: jari ya kai kashi 3 na jimillar abin da banki ya ɗauko wa kansa.

Ga yadda banki zai haye duk wannan alhali yana bakin rami. Ɗauki banki mai kadara 100: rance ga kamfanoni 60, takardun lamunin gwamnati masu dogon zango 30, tsabar kuɗi 10. Masu ajiya na bin sa 94, jarin masu shi 6. Da yake takardun gwamnati da tsabar kuɗi nauyinsu sifiri ne, kadarar da ake ƙirgawa 60 ce kawai, jarinsa ya zama kashi 10 ke nan. Mai sa ido zai duba ya ce madalla. Sai babban banki ya ɗaga kuɗin ruwa da maki 3. Takardar lamuni mai tsayayyen kuɗin ruwa tana rage daraja da zarar sababbi sun fi ta biya, kuma lissafin da 'yan kasuwa ke yi shi ne su ninka ƙarin da matsakaicin shekarun da kuɗin ke ɗauka kafin su dawo. In shekara 7 ce, faɗuwar ta doshi kashi 20. Takardun 30 sun koma 24. Asarar 6 ke nan, daidai da jarin bankin kaf. Amma dokar lissafi ta yarda banki ya ce zai riƙe takardun har wa'adinsu ya cika, ya ci gaba da rubuta su a 30. A littafi jarinsa na nan kashi 10.

Muddin babu wanda ya motsa, bankin zai iya kai labari, don takardun za su biya cikakken kuɗinsu ranar wa'adi. To bari masu ajiya su cire 25. Goma na farko za su fito daga tsabar kuɗi. Sauran 15 sai an sayar da takardu, kuma kafin a samu 15 a farashin kasuwa sai an sayar da na 18.75. Asarar 3.75 ta fito fili, jari ya sauko 2.25, wato kashi 3.75 na 60, ƙasa da ƙa'ida. Duk mai ajiyar da ya iya wannan lissafi ya san wanda ya riga isa shi zai karɓi kuɗinsa cikakku, na baya kuwa sai abin da ya rage.

Kusan haka ta kasance da Silicon Valley Bank. Ajiya ta kwararo masa daga kamfanonin fasaha a 2020 da 2021, ya zuba ta a takardu masu dogon zango lokacin da kuɗin ruwa ke dab da sifiri. Babban bankin Amurka ya fara ɗagawa a Maris na 2022, cikin shekara guda ya haura kashi 4.5. Ranar 8 ga Maris na 2023 bankin ya sanar ya sayar da takardu na dala biliyan 21 da asarar biliyan 1.8. Washegari aka cire dala biliyan 42, kusan rubu'in ajiyarsa, ana kuma sa ran fitar wasu biliyan 100 ranar 10 ga wata, ranar da hukuma ta rufe shi. Kuma ba shi kaɗai ke cikin wannan hali ba: Jiang da Matvos da Piskorski da Seru sun lissafa a watan cewa darajar kadarorin bankunan Amurka a kasuwa ta gaza ta littafi da kimanin dala tiriliyan 2.

Rububin cire kuɗi irin wannan Diamond da Dybvig sun bayyana shi tun 1983, kuma aikin ne ya kai su ga kyautar Nobel a 2022 tare da Ben Bernanke. Sana'ar banki ita ce ya karɓi kuɗin da za a iya nema kowane lokaci ya ba da su rancen shekaru. Wannan yana da amfani ƙwarai ga tattalin arziki, amma yana nufin ko lafiyayyen banki zai faɗi idan kowa ya yi zaton sauran za su cire. Maganin da aka sani shi ne inshorar ajiya, wadda Amurka ta kafa a 1933 bayan bankuna kusan 9,000 sun rushe cikin shekara huɗu. Inshorar tana da rufi: dala 250,000 a Amurka, yuro 100,000 a Tarayyar Turai. Kusan kashi 90 na ajiyar Silicon Valley Bank ta haura rufin, masu ita kuma kamfanoni ne da suka san juna, masu zuba musu jari ɗaya ne, magana ɗaya ta isa ta tayar da su baki ɗaya. Cire rufin gaba ɗaya kuma yana da nasa ciwon. Demirgüç-Kunt da Detragiache sun duba ƙasashe 61 daga 1980 zuwa 1997, suka ga inda sa ido ke da rauni, inshora mai faɗi tana ƙara yiwuwar rikici, don mai ajiya ya daina damuwa da abin da banki ke yi da kuɗinsa.

Akwai doka ta musamman kan kuɗi a hannu: banki ya riƙe kadara mai saurin sayarwa da za ta ishe shi kwana 30 na matsi. Kowane irin ajiya an yanka masa kason da ake zaton zai fita a cikin kwanakin: kashi 5 ga ƙananan masu ajiya da ke da inshora, 10 ga waɗanda ba su zauna daram ba, 40 ga ajiyar kamfanoni marar inshora, 100 ga kuɗin wasu cibiyoyin kuɗi. Waɗannan lambobi daga darasin 2008 aka ɗauko su, lokacin da fitar kuɗi ke ɗaukar makonni. Kwatanta kashi 40 a wata guda da rubu'i a yini ɗaya ta wayar salula, za ka ga inda gizo ke saƙa. Ƙari a kan haka, bayan sassaucin da Amurka ta yi a 2018 da 2019 ga bankunan da kadararsu ba ta kai dala biliyan 250 ba, wannan dokar ma ba ta hau kan Silicon Valley Bank ba.

Sai batun barin banki ya auna haɗarinsa da kansa, wanda a ganina shi ne kuskure mafi tsada a tarihin Basel. A 2013 kwamitin da kansa ya ba manyan bankuna jerin masu bashi iri ɗaya ya ce kowa ya lissafa. Amsoshin suka sha bamban ta yadda banki mai jari kashi 10 zai iya fitowa da 8 ko 12, gwargwadon wanda ya yi lissafin. Behn da Haselmann da Vig sun bi bayanan rancen bankunan Jamus, suka tarar rancen da aka auna da lissafin cikin gida an ba shi ƙiyasin haɗari ƙasa da na sauran, alhali shi ya fi yawan gaza biya. Andrew Haldane na Bankin Ingila ya nuna a 2012 cewa a cikin manyan bankuna kimanin 100, ma'auni mai sauƙi na jari kan jimillar kadara ya fi mai nauyin haɗari iya rarrabe waɗanda suka faɗi a rikicin da waɗanda suka tsira. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: duk lambar da ribar mutum ta rataya a kanta, zai nemi hanyar lanƙwasa ta. Shi ya sa gyaran 2017 ya ce lissafin cikin gida kada ya sauko ƙasa da kashi 72.5 na abin da ma'aunin hukuma ya bayar. Ma'auni mai sauƙin ma ba ya tsayawa shi kaɗai, don in shi ne kawai, banki zai cika littafinsa da kadara mafi haɗari tunda farashin jarinta ɗaya da na mai aminci. Ana buƙatar su biyun, kowanne yana toshe ɓarakar ɗan'uwansa.

Duk wannan banki ɗaya muke magana. Haɗarin da ke game tsarin kuɗi baki ɗaya wani abu ne daban, kuma ba a samun sa ta hanyar tara haɗarin kowane banki a haɗa.

Da farko masu bincike sun ɗauka ta hanyar bashin da ke tsakanin bankuna cutar ke yaɗuwa: wannan ya faɗi, ya kasa biyan wancan, wancan ma ya faɗi. Allen da Gale a 2000, da Eisenberg da Noe a 2001, su suka shimfiɗa lissafin. Acemoglu da abokan aikinsa sun ƙara a 2015 cewa yawan cuɗanya yana raba ƙaramar asara ta narke, amma in asarar ta wuce wani mizani, cuɗanyar nan ce ke kai ta ko'ina. Da aka gwada da bayanan gaskiya na ƙasashe da dama, sai aka ga wannan hanya ita kaɗai ba kasafai take rusa tsari ba. Aikin Glasserman da Young na 2015 ya nuna haka da lissafi. Abin da ya fi ɓarna shi ne riƙe kadara iri ɗaya da dogaro da aro mai gajeren wa'adi. Bankuna biyu da ba sa bin juna ko kwabo za su iya kayar da juna, matuƙar ɗaya ya shiga gwanjon dole a kan takardar da ɗayan ke riƙe da ita.

Dubi yadda abin ke aiki a kasuwar aro na dare ɗaya, inda ake ba da takardu jingina. Mai ba da aro yana rage wani kaso daga darajar jinginar don kare kansa. In ragin kashi 2 ne, mai jari 2 zai iya riƙe takardu na 100. Ranar da tsoro ya shigo aka mayar da ragin kashi 4, jarin 2 ɗin nan takardu na 50 kawai zai ɗauka. Dole ya sayar da rabin abin da yake riƙe da shi ba tare da ya yi asarar ko sisi ba tukuna. Sayarwar ta karya farashi, karyewar ta ci jarinsa da na maƙwabtansa, masu ba da aro suka ƙara ragin. Brunnermeier da Pedersen sun zana wannan juyi a 2009, Gorton da Metrick kuma suka nuna cewa rikicin 2007 da 2008 rububi ne a wannan kasuwa, ba a ƙofar banki ba. Bankin Northern Rock na Birtaniya, wanda aka ga dogon layi a ƙofarsa a Satumban 2007, ya riga ya mutu tun kafin layin, don kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗinsa daga kasuwa yake arowa, kasuwar kuma ta rufe a watan Agusta. Da bankin Lehman Brothers na Amurka ya faɗi ranar 15 ga Satumba 2008, wani asusun saka kuɗi na gajeren zango mai suna Reserve Primary yana riƙe da takardunsa na dala miliyan 785 kacal. Washegari darajar kowace dala a asusun ta koma santi 97, kuma wannan santi uku ne ya tayar da gudu daga irin waɗannan asusu gaba ɗaya, har kamfanonin da ba su taɓa hulɗa da Lehman ba suka rasa inda za su ari kuɗin albashi.

A nan ne dokar da ke duba banki ɗaya ke iya zama guba. Banki mai kadara 100 da jari 10 ya yi asarar 2. Hanya biyu gare shi ta komawa kashi 10: ya nemo sabon jari kimanin 2, ko ya rage kadara daga 98 zuwa 80. Masu hannun jari sun fi son ta biyu, don sabon jari a lokacin matsi yana narkar da kasonsu. Ga banki ɗaya wannan hankali ne. In duk bankuna suka yi haka a wata guda, rance ya tsuke da kusan kashi 18, kamfanoni su durƙushe, asarar ta dawo kan bankunan. Hanson da Kashyap da Stein sun jaddada wannan a 2011, kuma darasin a aikace shi ne mai sa ido ya faɗi adadin kuɗin da banki zai nemo, kada ya tsaya a kaso. Haka Amurka ta yi a gwajin juriya na 2009: an gwada bankuna 19, aka ce 10 daga ciki su nemo kusan dala biliyan 75, in sun kasa gwamnati ta zuba ta karɓi hannun jari. Kasuwa ta yarda da sakamakon saboda an wallafa lambobin kowane banki, kuma akwai kuɗi a bayan maganar.

Gwajin juriya matakansa sanannu ne. A tsara mummunan yanayi na shekara biyu zuwa uku (rashin aikin yi ya hau, farashin gidaje da hannun jari su faɗi), a lissafa asarar kowane rukunin rance da kuɗin shigar da zai rage, a ga inda jari zai sauka a mafi munin zango. Inda yake lalacewa shi ne zaɓen yanayin. Bankunan Ayalan da aka gwada sun haye gwajin Turai a Yulin 2010, a Nuwamba ƙasar ta nemi ceton yuro biliyan 85. Bankin Dexia na Beljiyam da Faransa ya haye na Yulin 2011 da maki mai kyau, a Oktoba aka wargaza shi, don gwajin bai yarda wata gwamnati za ta iya gaza biyan bashi ba, kuma bai auna dogaron bankin da aro mai gajeren wa'adi ba. Mummunan yanayin da babban bankin Amurka ya yi amfani da shi a 2022 ya ɗauka kuɗin ruwa zai zauna ƙasa, a shekarar da tashinsa ne ke cin bankuna. Sannan akasarin gwaje-gwajen suna ɗauka banki zai zauna da kadararsa yadda take, ba sa lissafa abin da zai faru in kowa ya sayar tare.

An ƙirƙiro ma'aunai na haɗarin gama-gari daga farashin kasuwa. CoVaR na Adrian da Brunnermeier yana tambayar yadda asarar tsarin ke ƙaruwa idan wani banki ya shiga matsi. SRISK na Acharya da Engle da abokansu yana lissafa gibin jarin da banki zai samu in kasuwar hannun jari ta faɗi da kashi 40 cikin wata shida. Suna da amfani wajen jera bankuna, wane ya fi wane haɗari. Rauninsu shi ne kasuwa takan fi kwanciya dab da rikici, don haka ma'aunin yana yin ƙasa a daidai lokacin da haɗari ke taruwa. Hukumomi kuma suna tantance manyan bankunan duniya, kimanin 30, da abubuwa biyar masu nauyi ɗaya: girma, cuɗanya, wahalar maye gurbi, sarƙaƙiya, da hulɗar ƙetare. Tunda da lambobin ƙarshen shekara ake yawan aunawa, an sha ganin bankuna suna tsuke wasu harkoki a Disamba su dawo da su a Janairu.

Abin da ya fi hango rikici daga nesa ya fi waɗannan sauƙi. Schularick da Taylor sun tattara bayanan ƙasashe 14 daga 1870 zuwa 2008, suka ga saurin ƙaruwar bashi a shekarun baya shi ne mafi ingancin gargaɗi. Daga irin wannan bincike, da na Borio da abokansa a Basel, aka gina jarin ƙari na lokacin bunƙasa: ana fara ɗora shi idan bashi kan arzikin ƙasa ya haura turbarsa da maki 2, ya cika idan ya kai maki 10. Wani sakamakon ya fi shafar tambayarka kai tsaye. Jordà da Richter da Schularick da Taylor sun duba tarihin ƙasashe 17, suka tarar yawan jari bai hana rikici aukuwa ba, amma ƙasar da bankunanta suka shiga rikici da jari mai kauri ta fi saurin farfaɗowa, koma-bayanta kuma bai kai zurfin na sauran ba. Wato aikin jari shi ne rage ɓarnar gobara in ta tashi. Hana ta tashi kuwa yana wajen taka wa bashi birki, kamar ƙayyade yawan rancen gida kan darajar gidan ko kan albashin mai karɓa. Sifaniya ta fara tilasta tanadin lokacin bunƙasa tun 2000; binciken Jiménez da abokansa ya nuna tanadin ya taimaka wa rance ya ci gaba da gudana a lokacin matsi, amma ya yi kaɗan ƙwarai a gaban kumfar gidajen da ƙasar ta hura.

To nawa ne jarin da ya isa? Bankuna suna cewa jari yana da tsada, ƙara shi zai tsuke rance. Akwai gaskiya kaɗan a ciki, musamman in an tilasta ƙarin cikin gaggawa, amma yawancin tsadar daga rangwamen haraji kan bashi da kuma tabbacin ceton gwamnati take fitowa, kuma wannan tsada ce ga masu banki, sauƙi ga mai biyan haraji. Masu bincike a Asusun Ba da Lamuni na Duniya sun kiyasta a 2016 cewa jari tsakanin kashi 15 da 23 na kadara mai nauyin haɗari zai shanye asarar yawancin rikice-rikicen da ƙasashe masu arziki suka gani. Admati da Hellwig sun wuce nan, suna neman kashi 20 zuwa 30 na jimillar kadara. Ni dai ina ganin kashi 3 na ma'auni mai sauƙi ya yi kaɗan matuƙa: yana nufin faɗuwar kashi 3 a darajar kadara ta isa ta shafe banki. Laeven da Valencia sun ƙirga rikicin banki na gama-gari 151 daga 1970 zuwa 2017, kusan uku kowace shekara. Abin da ke zuwa haka a kai a kai bai kamata a yi masa tanadi siriri ba.

Credit Suisse kuwa labarinsa na amana ne. Jarinsa mafi inganci ya kai kashi 14 a ƙarshen 2022, amma shekaru na asara da badaƙala, ciki har da kimanin dala biliyan 5.5 da ya rasa a rushewar kamfanin zuba jari na Archegos a 2021, sun sa abokan hulɗa sun kwashe sama da farank biliyan 100 cikin wata uku na ƙarshen 2022. Jari yana auna ko kadara ta fi bashi. Ba ya auna ko kasuwancin zai sake kawo riba. Abin da ya fi damun masu bincike shi ne abin da ya biyo baya. An shafe shekara goma ana tsara yadda za a warware babban banki ba da kuɗin jama'a ba, ta hanyar mayar da wasu masu bin sa bashi masu hannun jari; an yi wani abu mai kama da haka ga Banco Popular na Sifaniya a 2017, aka sayar da shi yuro ɗaya. Da ta zo kan Credit Suisse, hukumomi suka ji tsoron gwada tsarin. Ranar 19 ga Maris aka haɗa shi da bankin UBS na Suwizalan kan farank biliyan 3 tare da lamunin gwamnati, aka shafe takardun bashi na musamman na farank biliyan 16, masu hannun jari kuma suka tsira da wani abu. Amurka ita ma ta biya duk masu ajiyar Silicon Valley Bank har da waɗanda suka haura rufi. Duk wanda ke ba babban banki aro ya ga wannan, kuma zai ci gaba da ba shi a farashi mai rahusa.

Matsa wa bankuna kuma yana tura haɗari inda doka ba ta kai ba. Cibiyoyin da ba bankuna ba yanzu suna riƙe da kusan rabin kadarorin kuɗi na duniya. A Satumban 2022 asusun fansho na Birtaniya ne suka shiga irin juyin jingina da na bayyana, har Bankin Ingila ya sayi takardun gwamnati na kimanin fam biliyan 19 don tsayar da shi.

In kana son auna banki da kanka, kada ka tsaya a kason jarin da ke shafin farko na rahotonsa. Raba jarin masu hannun jari da jimillar kadara, ba tare da nauyin haɗari ba. Duba wane kaso na ajiya ne ba shi da inshora, kuma hannun mutum nawa ko sana'a nawa yake. Duba nawa ne aron da wa'adinsa bai kai wata uku ba, ka kwatanta da tsabar kuɗi da takardun da babban banki zai karɓa jingina yau. Duba saurin girma: bankin da ya ninka kadararsa cikin shekara biyu ko uku bai samu lokacin sanin sababbin masu bashinsa ba. Sannan ka nemo, a bayanan ƙarshen rahoto, jadawalin da ke kwatanta darajar littafi da ta kasuwa ga takardun riƙo har wa'adi, ka cire bambancin daga jari. A Silicon Valley Bank bambancin ya kai kimanin dala biliyan 15 a kan jarin kimanin biliyan 16, kuma lambar tana cikin rahoton shekara da bankin ya fitar a ƙarshen Fabrairun 2023, mako biyu kafin a rufe shi.